Babi na Shida: Ayu, Dorina da Ƙidayar da Ba a Yi Ba

Garin Potiskum yana kusa da tudun da ya raba ruwan yammacin Jihar Yobe gida biyu, abin da masana labarin ƙasa ke kira marabar ruwa, wato doron ƙasar da ruwan sama ke sauka a kansa ya gangara zuwa koguna biyu waɗanda ba za su sake haɗuwa ba. Ruwan da ya bi arewa yakan faɗa Komadugu Gana, wanda ya ratso ta Misau, ya ci gaba cikin yashi har ya haɗu da Komadugu Yobe wajen Damasak, daga nan sai Tafkin Chadi, inda tafiyar ke ƙarewa ba tare da an kai teku ba. Wanda ya bi kudu kuwa yakan gangara ta ƙasar Fika ya shiga Gongola wajen Ngalda, Gongola ya kai shi Binuwai a Numan, Binuwai ya miƙa shi ga Neja a Lakwaja, har ya fita Tekun Atlantika. Mutumin Potiskum ya fi sabawa da saniya da babbar mota a kan kwale-kwale, amma waɗannan koguna biyu da ke gefensa su ne mazaunin manyan dabbobin ruwa na arewa maso gabas, musamman dorina da kada, sannan a ɓangaren Binuwai akwai ayu, wanda mutane da yawa sun san sunan mansa a kasuwa alhali ba su taɓa ganinsa da ido ba.

Kogunan Afirka ba su da dolfin na ruwan daɗi, dabbar nan wadda ke zaune a Amazon na Kudancin Amurka da Ganga da Indus da Mekong na Asiya, amma darasin da aka koya daga tarihinta ya shafi ayu da dorina kai tsaye, domin dukkansu dabbobi ne masu shayarwa, wato masu haihuwar ɗa da rai suna ba shi nono, masu shaƙar iska da huhu, waɗanda dole su ɗago sama lokaci zuwa lokaci ko da a cikin ruwa suke kwana su tashi. Wannan ne ya sa kallin masunci, ragar nan ta nailan da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana a ruwa, ke zama ajalinsu, saboda dabbar da ta sarƙe a ciki ba ta iya kaiwa sama, sai ta nutse a cikin ruwan da aka haife ta. Abu na biyu da ya haɗa su shi ne jinkirin haihuwa. Macen ayu takan ɗauki ciki kimanin shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ta yi renonsa na tsawon lokaci kafin ta sake ɗaukar wani, kuma haka abin yake ga dolfin. Tarwaɗa da karfasa suna zuba ƙwai masu ɗimbin yawa, ta yadda damina biyu masu kyau sun isa su mayar da abin da aka kwashe, amma garken da, a ce, yana da dabba 100, yana samun 'ya'ya 4 da suka rayu a shekara, ana kashe masa 6, zai yi ta raguwa a hankali ba tare da wani masunci ya lura ba, har ranar da za a waiwaya a tarar babu ko ɗaya.

Domin gane irin wannan raguwa ne masana suke dogaro da abin da suke kira jerin ƙidaya, wato a ƙirga dabbobi a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, a lokaci ɗaya na shekara, a maimaita haka shekaru masu yawa. Ƙidaya guda, komai kyanta, adadi kawai take bayarwa, ba ta faɗin inda garken ya dosa. Misali mafi ƙarfi ya fito daga gandun Mamirauá na ƙasar Burazil, inda Vera da Silva da Anthony Martin da abokan aikinsu suka riƙa bin hanyar ruwa guda cikin jirgi kowane wata daga 1994 zuwa 2017. Da suka wallafa sakamakon a 2018, ya nuna cewa jan dolfin na Amazon, wanda mutanen wurin ke kira boto, yana raguwa da rabi duk bayan kimanin shekara 10, ɗan uwansa tucuxi kuma duk bayan kimanin shekara 9, alhali wurin gandu ne da doka ta kare. Cikin dalilan akwai kalli, akwai kuma kashe boto domin a yi tarko da namansa ga wani kifi mai cin mushe da ake kira piracatinga. Kafin wannan aiki, matafiyi a Amazon yana iya rantsuwa cewa dolfin ya yi yawa, tunda kusan kowace kwana ta kogi ana ganinsa yana ɗagowa, kuma da gaskiyarsa, sai dai ido ba ya iya auna ragin kashi 6 ko 7 cikin ɗari a shekara. A shekarar da aka fitar da sakamakon ne Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wadda aka fi sani da IUCN, ta sanya boto cikin jerin dabbobin da ke cikin haɗarin ƙarewa.

A ƙasar Sin an fara ƙidaya a makare. Baiji, farin dolfin na Kogin Yangtze, an ƙiyasta yawansa a kan kimanin 400 a wajen 1980, binciken 1997 ya ga 13 kacal, wanda aka daɗe ana kiwo a birnin Wuhan ya mutu a 2002, sannan a ƙarshen 2006 wata tawagar masana daga ƙasashe da dama ta shafe mako 6 tana bin kogin daga Yichang zuwa Shanghai da dawowa, da tabarau masu ƙarfi da na'urar sauraron sauti a ƙarƙashin ruwa, ba ta ga ko ɗaya ba. Babu wanda ya yi niyyar ƙarar da baiji, kuma doka ta hana kashe shi tun da daɗewa. Ƙugiyoyin masunta, da kamun kifi da lantarki, da cunkoson jiragen ruwa, da madatsun da suka raba kogin da tafkunansa su ne suka taru suka cinye shi. Haramcin kamun kifi na shekara 10 da gwamnatin Sin ta kafa a Yangtze daga Janairun 2021 ya zo bayan baiji ya tafi, ko da yake ya amfani wata dabbar dangin dolfin marar ƙusumbi da ta rage a kogin, wadda adadinta ya tashi daga 1,012 a 2017 zuwa 1,249 a 2022.

Idan aka juyo gida, za a tarar cewa ayu ya daɗe a rubuce amma bai taɓa samun irin wannan lissafi ba. Matafiyin nan Bajamushe Eduard Vogel, wanda ya biyo sawun matafiyi Heinrich Barth ya zauna a Kukawa, ya aika da bayanin dabbar daga Binuwai a tsakiyar shekarun 1850, har masanin Ingila Richard Owen ya raɗa mata suna da sunansa, kafin daga baya a tabbatar cewa ita ce dai ayun Afirka da aka riga aka sani daga Kogin Senegal, wanda masana ke kira Trichechus senegalensis. Yana rayuwa a ƙasashe 21 daga Senegal zuwa Angola, a bakin teku da cikin koguna, kuma ya hau Neja har cikin Mali, ya hau Binuwai har Kamaru da tafkunan Léré da Tréné na kudu maso yammacin Chadi. Rahotannin masana sun ambace shi a rassan Binuwai irin su Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, da kuma Tafkin Pandam na Jihar Filato. Babba yakan kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinsa ya kai ɗaruruwan kilo, jikinsa toka-toka ne, da hannuwa biyu kamar filafili da faffaɗar wutsiya, kuma duk da kamanninsa da kifi, binciken jini da ƙashi ya nuna cewa giwa tana cikin danginsa na kusa. Abincinsa ciyawar ruwa ce, musamman burugu da kainuwa da ganyen da ya rusuno daga gaɓa, ko da yake yakan taɓa kifin da ya samu a raga da ƙananan dabbobi masu ɓawo.

Rayuwar ayu tana bin hawa da saukar kogi. Idan ruwa ya cika da damina yakan fita daga tsakiyar kogi ya shiga fadamu da tafkunan gefe, ya ci ya yi kitse, wani lokaci har ya faɗa gonar shinkafa ya jawo wa kansa ƙiyayyar manomi. Idan ruwa ya fara janyewa sai ya koma gurabe masu zurfi ya laɓe, yana rayuwa a kan kitsen da ya tara har damina ta dawo. Wannan ɗabi'a ce ta sa ƙirga shi ke da wuya ƙwarai, domin ruwan Binuwai da Gongola ja ne mai laka, dabbar kuma mai tsoro ce, ta fi motsi da dare, kuma idan ta ɗago hancinta kawai take fitarwa na ɗan lokaci ta koma. Dolfin aƙalla yana nuna bayansa. Saboda haka IUCN, wadda ta sanya ayun Afirka a rukunin dabbobi masu rauni, ta dogara ne a kan ƙiyasi da rahotannin farauta, kuma masana sun yarda cewa a duk danginsa shi ne wanda aka fi ƙarancin nazari a kansa. Wani ɗan uwansa ƙato da ya rayu a tekun arewa mai sanyi tsakanin Rasha da Alaska, wanda Turawa suka fara gani a 1741, mafarauta sun ƙarar da shi zuwa 1768, cikin shekara 27.

Farautar ayu tsohuwar sana'a ce a Neja da Binuwai. Sarkawa, masuntan da asalinsu ke komawa ga Sorko na ƙasar Songhai, sun shahara da farautar ayu da dorina ta hanyar amfani da zago, mashin nan mai ƙayar baya da ake ɗaura wa igiya da abin da zai yi iyo a sama domin a bi dabbar bayan an soke ta, kuma Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin irin wannan farauta ta dorina a yankin Ayorou na Nijar a farkon shekarun 1950. A wancan tsari farautar tana da ka'ida, tana hannun gidaje sanannu, tana da lokacinta da shirinta, kuma ba kowane mai kwale-kwale ne ke da ikon taɓa dabbar ba. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki da kasuwa. Ragar nailan ta yi arha ta cika koguna, injin jirgi ya rage nisa, hanyar mota ta haɗa bakin kogi da manyan birane, sannan man ayu ya samu suna a wajen masu maganin gargajiya da masu kayan mata, har ya zama ana tallarsa a kasuwanni da shafukan Facebook ɗaruruwan kilomita daga inda dabbar take. Ko da a ce yawancin abin da ke cikin kwalaben wani mai ne daban aka laƙaba wa sunan, illar tana nan, domin suna ne ke ɗaga farashi, farashi kuma shi ke sa masuncin da ya tarar da ayu a ragarsa da rai ya ƙi sakinsa. Dokar Nijeriya ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi wa gyara a 2016, ta haramta kashe shi da cinikinsa, kuma a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Bankok a 2013 an ɗaga shi zuwa rukuni na farko, wanda ya hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Doka a takarda dai ba ta hana baiji tafiya ba.

Barazanar da ta fi farauta zurfi ita ce yanka kogi gunduwa-gunduwa da madatsun ruwa, kuma a nan tarihin Indus na Pakistan ya fi kowane bayyana yadda abin ke aiki. A shekarun 1870 masani John Anderson ya zana taswirar inda dolfin na Indus yake, daga kusa da teku har gindin duwatsun Himalaya, a cikin babban kogin da rassansa na Punjab. Daga nan Turawan mulki, sannan gwamnatin Pakistan, suka gina shingayen ban-ruwa ɗaya bayan ɗaya, irin su na Sukkur a 1932 da na Guddu a 1962. Binciken Gill Braulik ya nuna cewa waɗannan shingaye sun raba mazaunin dabbar kashi 17, cewa ta ɓace daga mafi yawansu, kuma abin da ya rage mata bai wuce kashi 20 cikin ɗari na inda take a da ba. Muhimmin abin da binciken ya gano shi ne cewa dolfin ya fi saurin ɓacewa a sassan da ruwan rani ya ragu ƙwarai saboda an karkatar da shi gonaki. Ƙaramin garke da aka tsare tsakanin bango biyu ba ya samun baƙo daga sama ko daga ƙasa, auratayya tana komawa tsakanin dangi na kusa, kuma rani ɗaya mai tsanani ya isa ya share shi ba tare da akwai inda wasu za su zo su maye gurbi ba.

Amma Indus ɗin nan shi ne kuma ya nuna cewa ana iya juya lamarin. Bayan masanin Suwizalan Giorgio Pilleri ya ƙirga 'yan kaɗan tsakanin Guddu da Sukkur, gwamnatin lardin Sindh ta ayyana wannan sashe a matsayin gandun dolfin a 1974 ta hana farauta, kuma ƙidayar da aka riƙa maimaitawa ta nuna adadin kogin gaba ɗaya ya tashi daga kimanin 1,200 a 2001 zuwa sama da 1,800 a 2017. Duk shekara idan an rufe magudanan ban-ruwa domin yashewa, ma'aikatan gandun daji da na ƙungiyar kare namun daji ta WWF sukan bi su su ciro dolfin da suka maƙale su mayar da su kogi.

Gongola ma an yanka shi. An kammala madatsar Kiri a ƙasar Shelleng a 1982 domin shayar da gonakin rake na kamfanin sukari na Savannah da ke Numan, aka kammala ta Dadin Kowa kusa da Gombe a 1984, ta yadda kogin da a da yake a buɗe daga Binuwai har ƙasar Fika da Nafada ya zama kashi uku. A shekarar 1982 ɗin ce kuma Kamaru ta rufe Lagdo a kan Binuwai, abin da ya sauya lokacin ambaliya da girmanta a Adamawa, kamar yadda Kainji ta yi wa Neja tun 1968. Ga dabbar da rayuwarta ta ginu a kan shiga fadama da damina da komawa gurbi da rani, sauya lokacin ruwa tamkar sauya mata kalandar haihuwa da ta abinci ne gaba ɗaya. A Kogin Senegal, bayan gina madatsun Diama da Manantali a shekarun 1980, an sha samun ayu sun maƙale a rassan kogi wajen Matam idan ruwa ya janye da sauri, sai an tara mutane an ɗauke su da mota an mayar da su babban kogi, aikin da Lucy Keith-Diagne da abokan aikinta suka yi suna a kansa.

Labarin dorina a Gongola ya ɗan bambanta, kuma yana hana a yanke hukunci ɗaya a kan kowace madatsa. Dorina tana buƙatar ruwa mai zurfin da zai rufe ta da rana da ciyawa a gaɓa da za ta fita ta ci da dare, kuma tafkin da madatsa ta tara yana ba ta na farkon duk shekara, har a watannin da kogin asali kan koma yashi. Wani bincike da Lynne Baker da abokan aikinta suka yi daga Jami'ar Amurka ta Nijeriya da ke Yola, aka wallafa a 2020, ya ƙirga dorina sama da 50 a tafkin Kiri, adadin da ya sa wurin cikin mafiya muhimmanci a ƙasar duk da cewa ba gandun gwamnati ba ne, kuma akwai wani garken a Dadin Kowa. Sai dai tafkin da ya jawo dorina shi ne ya jawo manomin rani da masunci da makiyayi, kowa yana son gaɓar nan guda, don haka koke-koken cinye shinkafa da masara da kifar da kwale-kwale ba sa yankewa daga ƙauyukan da ke kewaye. Manomin da dorina ta share wa gona a dare ɗaya ba ya buƙatar a karanta masa cewa IUCN ta sanya ta cikin dabbobi masu rauni tun 2006, kuma duk tsarin kariyar da bai tanadi diyya ko shinge ko wurin kiwo da aka ware mata ba, a ƙarshe bindiga ce za ta yanke shari'ar, ga kuma kasuwar haurenta da fatarta da ake yanka bulala da ita. Saurin da dorina ke iya rushewa ya bayyana a gandun Virunga na Kwango, inda garken da ya kai kusan 29,000 a shekarun 1970 ya koma ƙasa da 1,000 a 2005 sakamakon yaƙi da farauta, kuma an san haka ne kawai domin akwai tsohuwar ƙidaya da za a gwada sabuwa da ita.

A ɓangaren arewa, wato tsarin Komadugu Yobe, ruwan kansa ne ya ragu. Matafiyi Dixon Denham, wanda ya iso Borno a 1823, ya rubuta ganin dorinai a tafkunan gefen Kogin Yobe kusa da kangon Birnin Ngazargamu. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980 bayan fari biyu masu tsanani. A saman kogin an rufe madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano, ambaliyar da ke cika dausayin Hadeja da Nguru ta ragu, sannan sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, maimakon cika da damina da bushewa da rani, ya ba ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta hana wasu garuruwa ruwa ta kuma nutsar da gonakin wasu. Abin lura shi ne cewa a wannan yanki akwai jerin ƙidaya na gaske, amma na tsuntsaye ne. Tun bayan kafa shirin kare dausayin Hadeja da Nguru a 1987 an riƙa ƙirga agwagin ruwa da sauran baƙin tsuntsaye da ke zuwa daga Turai da hunturu, a Dagona ta ƙasar Bade da kewayen Nguru, kuma wannan lissafi yana cikin abin da ya sa tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a shekarar 2000. An ƙirga tsuntsayen ne domin akwai ƙungiyoyi a Turai da suka ɗauke su nasu suka sa kuɗi, dabbar da ba ta ƙetare Sahara kuwa ba ta samu mai tsaya mata haka ba.

Ba rashin iya lissafi ne ya kawo wannan giɓi ba. Ƙasar da ta karɓi jangali shekara da shekaru ta san yadda ake ƙirga dabba, a kasuwar shanu ta Potiskum, ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, babu saniyar da ke shiga mota ba a san da ita ba, kuma ƙidayar dabbobin gida da aka yi da jirgin sama a faɗin Nijeriya a 1990 ta ba da shanu kusan miliyan 14. Ana ƙirga abin da ke da mai shi kuma ake karɓar haraji a kansa. Indiya, wadda ta ayyana dolfin na Ganga a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa a 2009, ta bi dubban kilomita na kogunanta tsakanin 2021 da 2023 ta fitar da adadin 6,327, Kambodiya kuma tana bin ɗan garken Mekong ɗaya bayan ɗaya ta hanyar hoton ƙusumbin kowane, ta san ya sauka daga kimanin 200 a 1997 zuwa 80 a 2015 kafin ya fara farfaɗowa. Ƙirga dorina ya fi duk waɗannan sauƙi, tunda da rani takan taru a wurare sanannu, kuma ƙaramin jirgi marar matuƙi mai ɗauke da kyamara yana iya ɗaukar hoton garke cikin 'yan mintoci. Ayu ma yanzu akwai dabarun da ke rage wahalarsa, kamar na'urar da ke aika sauti cikin ruwa ta zana siffar abin da ke ƙasa, da gwajin ruwan kogi domin gano burbushin ƙwayoyin gado da dabba ke zubarwa daga fata da kashi, wanda ke tabbatar da kasancewarta ko ba a gan ta ba.

Waɗannan na'urori suna faɗin abin da ke nan yau, ba sa dawo da shekarun da suka wuce ba a rubuta ba, kuma hanya ɗaya da ta rage ta cike wannan gurbi ita ce ƙwaƙwalwar masunta. Braulik ta gano lokacin da dolfin ya ɓace daga kowane sashe na rassan Punjab ne ta hanyar tambayar tsofaffin masunta yaushe suka yi masa ganin ƙarshe, ta jera amsoshin ta gwada su da shekarun gina shingaye. A Yangtze kuma Samuel Turvey da abokan aikinsa sun yi hira da ɗaruruwan masunta bayan ɓacewar baiji, suka tarar cewa matasa da yawa ba su ma taɓa jin sunansa ba, alhali iyayensu sun rayu tare da shi. Masana suna kiran wannan gushewar ma'auni, wato kowane zamani yana ɗaukar kogin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin yadda kogi yake tun asali, ta yadda asara ba ta bayyana ga kowa a matsayin asara. A Gongola da Komadugu tsarin da zai ɗauki irin wannan aiki yana nan, domin garuruwan bakin ruwa suna da sarakunan ruwa da suka san kowane gurbi da sunansa, bikin kamun kifi na Bade a Gogaram yana tara masunta daga nesa, kuma akwai Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu da Jami'ar Tarayya a Gashuwa da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Potiskum, ban da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa. Lokacin yin aikin ne ke da iyaka, saboda masuncin da yake ɗan shekara 20 lokacin da aka rufe Kiri a 1982 ya haura 60 a yanzu, kuma shi da tsararsa ne kaɗai za su iya faɗin gurbin da ayu ke kwana a cikinsa da rani kafin a gina bangon, da iyakar inda dorina ke kaiwa idan ta hau kogin, da shekarar da aka daina ganin kowannensu a gaban kowane ƙauye daga Numan zuwa Ngalda.